Ramukan da Torvald Ya Bari

Ƙanƙara ta saki tafkin Vanern ranar Talata.
Ranar Laraba na yaye tamfol daga kan jirgin babana,
jirgin da takarda ta ce yanzu nawa ne.

Mariƙan sandar fatsa huɗu, duk tsatsa ta gama da su.
Ɗaya ya ɓalle a hannuna kamar busasshen kara.
Sai na nufi shagon Ebbe, can bakin tashar Spiken.

Ya baje mini su a kan tebur.
"Wannan na roba ne, da arha, amma sanyi kan fasa shi.
Wannan maƙala shi ake yi, a cire in an ga dama,
sai dai ran da ƙaton kifi ya fizga
da shi da sandar za su yi miki sallama.
Wannan kuwa farin ƙarfe ne, sai an huda jirgi.
Huda fa, Majken, kamar magana take:
in an yi, an yi."

Na ɗauki na ƙarfen.
Ya ƙara mini da guntun alli.
"Kada ki auna da tef. Zauna, ki miƙa hannu."

Na zauna a kujerar tuƙi, jirgin na bisa katakai,
babu ruwa a ƙarƙashina sai tsakuwa.
Babana bahago ne.
Duk abin da ya kafa, hagu yake kira,
ni kuwa haguna ko maɓalli ba ya iya ɓallewa.

Biyu a baya, su kalli inda aka fito,
nesa da farfela, kada ta tauna zare.
Biyu a gefe, a karkace, kowa ya fuskanci gabarsa,
don zare biyu in suka haɗu a ruwa
sun fi 'yan gado rigima.
Ba inda gwiwa za ta buga ba.
Ba inda koma za ta bi da kifi ba.
Na cusa hannu ƙarƙashin katako ina laluben tiyon mai,
kada in huda abin da ba a hudawa.

A nan yatsana ya ji su.
Tsofaffin ramuka, an cike da danƙo, an shafe da fenti,
a jere, bibbiyu, kamar sawun tsuntsu.

Na can nesa, kusan gaba guda daga kujera,
na lokacin da yakan yi tsalle ɗaya ya cafke sanda.
Na gaba sun matso da kamu.
Wasu kuma, taƙi biyu,
shekarar da kafaɗarsa ta fara yi masa gardama
ya ce mana ba komai, iska ce.
Na ƙarshe dab da gwiwar hannu,
inda mutum zai kai ba tare da ya tashi ba.

Bai taɓa cewa ya tsufa ba.
Mariƙi kawai yake matsowa da shi.

Can ƙasa kuma, ta dama,
inda babu babban da zai sunkuya ya kafa komai,
ƙananan ramuka biyu.
Na daɗe ina kallonsu kafin na tuna jar sanda,
da rigar ruwan da ta kai mini har idon sawu,
da shi yana cewa, "Bar ta ta lanƙwasa tukuna. Tukuna."

Wani ɗan tsuntsu ya sauka a kan inji, ya ga babu kifi, ya tashi.

Na miƙa dama iyakar miƙawa,
na ƙara da rabin tashi,
na ɗiga alli.
Tsakanina da ɗigon akwai fili,
taƙi huɗu ko biyar na lafiyayyen katako.
Na bar wa shekaru nasu.

Na ɗora bakin injin huda.
Garin katako ya zubo mini a takalmi,
fari fat, da ƙamshi,
sai ka ce jiya aka sare itacen.