Gurnani a Cikin Waya

A Garwa, ƙasan gadar Binuwai,
inda tsohuwar tashar jirgi ta koma wurin shanya,
muka kafa kyamara da hantsi.
Barkindo na farautar haske,
ni aikina na kunne ne.

Baba Kaigama ya zauna kan kifaffen kwalekwale.
Shi ya rage cikin masu dakon auduga
na zamanin da kogin nan ke ɗaukar kaya.
Muryarsa ta riga shi tsufa,
siririya, kamar zaren da ya sha wanki.

Na ɗora abin ji a kunne.
Kafin ya ce bisimilla wani ya riga shi baki:
zuuuu.
Sauro yakan huta, ƙudan zuma yakan sauka kan fure,
wannan ko numfashi ba ya tsayawa ya ja.

Na san shi, kuma laifina ne.
Wayar da na jawo daga mahaɗar sauti
mai jijiya ɗaya ce cikin rigar tagulla.
Taku ashirin tana jan ciki a ƙasa,
ta bi gefen janaretan masu walda,
ta gaisa da wayar wuta,
ta gaisa da cajar Barkindo,
kowa ta tarar sai ta kwaso gulmarsa.

Na kwance jaka, na zaro mai haƙori uku.
Baba ya ce, "Yaro, wannan fa?"
Na ce, "Tagwaye ne a ciki, Baba.
Hasan ya ɗauki muryarka a tsaye,
Usaini ya ɗauke ta a kife,
Gambo na rufa musu baya, ƙafarsa a ƙasa.
Hayaniyar hanya ta hau kansu daidai wa daida.
In sun iso, sai a juya Usaini:
murya ta hau kan murya ta yi kauri,
hayaniya ta ci karo da 'yar'uwarta, su kashe juna."
Ya ce, "To. Ashe har waya sai da shaidu biyu."

Sai dai kyamarar Barkindo mai ƙaramar ƙofa ce,
ba ta iya saukar tagwaye ba.
Na taɓa cusa mata su da ƙarfi, ranar wani suna a Pitowa,
ta sa ɗaya a kunnen dama, ɗaya a hagu,
da aka haɗa su a rediyon mai gida
sai bakin liman ke motsi, addu'a ta ɓace.
Har yau ban karɓi cikon kuɗina ba.

Shi ya sa nake yawo da ɗan akwatin nan
da na saya a Marwa, sefa dubu tara, ba ragi.
Naɗin tagulla biyu ne a cikinsa,
ba sa taɓa juna,
ta bayan katanga suke miƙa zance
irin na maƙwabtan da suka san mutuncin juna.
Tagwaye su yi doguwar tafiya su sauka nan,
daga nan zuwa kyamara
guntuwar waya, taƙi ɗaya, kada ta sami lokacin yin ƙawaye.
Na kuma rage ƙarfi,
don mahaɗa da tulu take zubawa,
kyamara kuwa da ludayi take sha.

Na mayar da abin ji.
Shiru.
Cikin shirun, ruwa na lasar gindin kwalekwale,
wata mata can nesa na bugun wanki kan dutse.

Na ɗaga wa Barkindo yatsa.

Baba ya fara da shekarar da ruwa ya kai bakin sito,
ya lissafa abokan dakonsa ɗaya bayan ɗaya,
Jauro, Ɗan Bornu, Adamu Gajere,
ya zo kan na huɗu ya tsaya.
Barkindo ya dube ni, ko a yanke?
Na girgiza kai.
Shi bai ji abin da nake ji ba:
tsohon yana haɗiye yawu,
sunan na nan tafe.