Tashar Baba Jatau

Tun daga Kaduna nake cika wa 'yata baki:
yau za ki ga jirgin ƙasa a kan tebur,
mai kuka, mai tsayawa ya sha ruwa.
Muka sauka Kwangila da hantsi,
Ummita na riƙe da gefen rigata har Sabon Gari.

Sai ga kwaɗo a ƙofa,
kwaɗon ma ya yi tsatsa.
An rubuta da gawayi, shago na haya,
da lambar waya wadda damina ta cinye rabinta.

Nan fa, bayan kwatas ɗin reluwe, daura da mai faci.
Shekara talatin Baba Jatau yana ɗaure ƙusoshin dogo.
Da aka sallame shi ya kasa rabuwa da layi,
sai ya ƙanƙanta shi, ya shigo da shi ɗaki.
Gwangwanin madara ne tarago,
marfin kwalba ƙafafu,
waya ya miƙe daga bango zuwa bango,
ya ce nan Gusau, nan Ƙauran Namoda, can lungu Kafanchan,
wannan tsohon kwanon sha kuwa Zariya ce,
duk mai tafiya sai ya biyo ta kanta.

Akwai na kanti a cikin kwali,
masu mabuɗi a ƙugu, a murɗa su ruga.
Malaman Samaru ke saya, ƙarshen wata.
Mu namu kallo, kallo kuwa kyauta,
in dai ka wanke hannu, in dai ba ka taɓa sigina ba.

Na taɓa sace tarago ɗaya, Sallau na yi mini gadi.
Kwana uku yana ƙarƙashin tabarmata,
ban ja shi ba ko sau ɗaya, ina zan ja shi ba layi?
Ran da na mayar, tsohon bai ɗago kai ba.
Ya ce, jirgin Nguru ya yi latti, amma ya iso.
Da duka ya yi mini, da tuni na manta.

Mai faci ya gane ni da tabon goshi.
Ya ce ai tun bara, bayan babbar Salla.
Ido ya yi rauni, mai gida ya ninka haya,
ga na roba jibge a kasuwa, uku ɗari biyar,
yaran ma yanzu motarsu na cikin waya.
Ɗansa ya zo daga Giwa ya tafi da shi.
Kayan fa? na ce.
Ya nuna da haɓa inda 'yan gwangwan ke ajiye baro.
A gabana suka ɗora a sikeli, in ji shi,
da layin, da gadar, da tashoshin duka.
Arewa kakaf, kilo goma sha ɗaya.

Ummita ta tsinci wani abu a bakin kwata,
marfin kwalba, an huda tsakiyarsa da ƙusa,
hudar ta zauna daidai, ba ta karkace ba.
Baba, mene ne wannan?
Na ce ƙafa ce. Ta ce ta wa?

Muka tsallaka dogon gaske a hanyar komawa.
An shanya tattasai a tsakanin ƙarafan,
wata akuya ta kwanta a kai tana tuƙa.

Da dare na nemo gwangwani biyu da almakashi.
Na yanke yatsa, abin ya fito a gicciye,
ƙafa uku nawa, ɗaya ta Baba Jatau,
ita kaɗai ke juyawa.
Ta ɗaura zare tana jan sa a tsakar gida,
tana yi masa kukan babur,
don shi kunnenta ya sani.
Na haɗa tafuna zan busa mata na gaskiya,
sai na ji numfashin bai kai ba.