Rigar Ruwa Mai Launin Kabewa

A Bergen ba a tambayar ko za a yi ruwa,
sai dai a ce: yanzu ne, ko sai an jima?

Rigar mahaifina na gada,
rawaya, ta masunta, mai ƙarnin kifi har gobe.
Shekara goma sha ɗaya tana tare mini sama,
tana dafa ni daga ciki kamar dankali.
In na jingine keke a ƙofar ɗakin karatu
ko ɗigo bai taɓa ni ba,
amma gumina ya gama yi mini wanka.

Ranar Talata, a tsakiyar gada,
iska ta kama ta a kafaɗa, ta ce ƙeee.
Sanyi ya sa yatsa ɗaya a bayana,
ya bi ƙashin har ƙugu.

Na shiga kanti da kurona ɗari tara
da takalmi mai kukan kwaɗi.
Eivind, in ji sunan da ke ƙirjinsa,
ya ɗauko wata shuɗiya da hannu biyu
kamar mai miƙo jariri.
Ya ce da irinta ake kwana a kan ƙanƙara.
Na juya takardar kuɗin. Dubu biyar.
Na ce, ɗana, mayar da ita ta huta.
Ni ba ƙarshen duniya za ni ba:
keke ne da safe, keke da yamma,
sai dutsen Ulriken ran Asabar
in gwiwa ta amince.

Ta biyu ba nauyi, kamar ɓawon albasa.
Na ɗaga ta ga fitila,
haske ya leƙo ta kowane ramin allura.
Inda haske ya bi, ruwa ya san hanya.

Ta uku tana da hula mai faɗin tukunya.
Na waiga hagu kamar zan tsallaka titi,
kaina ya juya, hular ta ƙi,
na ga duhu maimakon mota.

Can ƙarshen layi, bayan safunan hunturu,
wata na rataye ita kaɗai,
launin kabewar da ta wuce nuna.
Ta bara ce, ya ce, ba wanda ya so ta.
Na juya cikinta waje:
an bi kowane ɗinki da liƙi, har ƙarƙashin hannu.
Zif biyu a hammata don zafi ya sami ƙofa.
Bayanta ya sauko ya rufe inda sirdi ke jiƙa mutum.
Na ɗaga hannu kamar mai ciro littafi a saman kanta,
ba ta bi ni sama ba.
Na naɗe ta, ta shige aljihun kanta,
ta koma kamar curin burodi.

Ɗari takwas da hamsin.
Canjin ya isa kofi ɗaya, ba madara.

Araha ba ta ado, in ji Gunnvor ƙanwata
da ta gan ni a gindin dutse.
Ta yi dariya har ta dafa itace.
Muka hau. Hazo ya sauko ya tarye mu a rabi,
ya haɗiye gari, ya haɗiye teku,
ya haɗiye Gunnvor da baƙar rigarta mai tsada.
Na kira ta, dutse ya maido mini sunan.
Sai ga hannu a kafaɗata.
Ta ce, ke kaɗai nake gani a duniya.

Ba zan yi mata ƙarya ba:
wuyan hannun hagu yana ɗan shan ruwa,
kuma tana surutu in na yi sauri,
shaf, shaf, kamar mai shara.
Amma iya ruwa fid da kai.

Ta mahaifina tana nan bayan ƙofa.
Ban iya jefar da ita ba.
In an yi ruwa da dare
ɗakin yakan ɗan yi ƙarnin kifi.