Wuyan Kawu Ɗanlami

Malama Rifkatu ta ba mu aikin gida:
miƙa hannu, ki ɗaga babban yatsa,
rufe ido ɗaya, ki buɗe, ki rufe ɗayan,
ki rubuto mini abin da yatsan ya yi.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta.
Kakuri ta yi tsit, sai janareton mai shayi.
Na hau saman bene da littafi da fitilar waya,
taurari birjik, kamar an shanya gero a tabarma.
Na saita yatsa wajen tsohuwar masaƙa.
Na rufe hagu, ya zauna kan bututun hayaƙi,
na rufe dama, ya yi tsalle ya faɗa kan mangwaro.
Yatsa bai motsa ba.
Masaƙa ma ba ta motsa ba,
yau shekara nawa rabon da ta motsa?

Na janyo shi kusa da hanci, tsallen ya yi faɗi,
na tura shi nesa, tsallen ya tsuke.
Ashe nisa a cikin ƙanƙantar tsalle yake ɓuya.

Kawu Ɗanlami na shan iska a kujerar roba,
shi da ƙoshiyar inji ta kuɓuce a aikin dare
ta tafi da idonsa na dama.
Ya ce, Uwani, wa kike ƙifta wa ido a duhu?
Na fara bayani, na kai tsakiya na haɗiye sauran,
don wannan lissafi na masu ido biyu ne.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ke, yaya kike zaton nake tsiyaya shayi
bai zube a tabarma ba?
Yaya nake tsallake titi,
ga acaɓa, ga tirela, ga mai baro?
Kai nake kaɗawa, yarinya.
In leƙa ta nan, in leƙa ta can.
Mai ido ɗaya, wuyansa ne ɗayan idon.

Na haska shafi na gaba, sai ga maganarsa da zane.
Duniya ma ido ɗaya gare ta.
Takan dubi tauraro a Janairu,
ta yi wata shida tana kewaya rana,
ta sake dubansa a Yuli daga wancan ɓangare.
Kilomita miliyan ɗari uku, duk kaɗa kai ɗaya,
kuma tauraron da ya fi kusa
tsallen da zai yi mata bai wuce faɗin ƙwandala ba,
ƙwandalar da aka ajiye a Barnawa
ana hangenta daga nan.

Na karanta masa. Ya jinjina kai.
Ya buɗe tafi sama, ya auna da taƙi
daga Kaza da 'ya'yanta zuwa jinjirin gajimare,
ya ce taƙi biyu ne, rubuta,
in malamarku ta musa ta zo ta same ni.

Sai wuta ta dawo, yara suka ɗau ihu a lungu,
ƙwayayen lantarki suka tsince geron sama.
Na rufe littafi ban gama lissafi ba.
Kawu ya miƙe, ya tsaya bakin matakala,
ya karkata hagu, ya karkata dama,
sannan ya sa ƙafa.