Kujerar Sambel

Duk Asabar ɗin farko ta watan Nuwamba
nakan haɗa tebura biyu a lungun gidan abincina,
can ƙarshen Peniche, inda teku ke tofa gishiri a taga.
Uwata ce ta fara yi musu, ni na gada.
A zamaninta su goma sha huɗu ne.
Bana uku suka zo.

Abilio mai kunne ɗaya da rabi,
Telmo da ke jan ƙafar hagu kamar tsohon bashi,
sai Custodio, wanda ba ya zama
in ba bango a bayansa, ƙofa a idonsa.
Shekara hamsin da ajiye bindiga,
amma har gobe in cokali ya faɗi
kafaɗu uku ne ke amsawa tare.

Yaran gari sun san su da ɗinkin koma.
Manya kuwa kan rage murya su ce:
sojojin kundumbala ne,
irin waɗanda ake saukewa da tsakar dare
a fadamun Gini, cikin kwalekwalen roba,
fuska shafe da baƙi,
ba suna a ƙirji, ba wasiƙa a aljihu.
Abin da suka yi, takarda ta ce ba a yi ba.
Ƙasar da ta aike su
ta wayi gari tana kunyar aiken.
Suka dawo da zazzaɓi a ƙashi
da shiru mai nauyin dutsen niƙa.

Ba sa zancen yaƙi.
Tsadar kifi suke yi, da maganin gwiwa,
da wane ya rasu, wa ya je jana'iza.

Akwai kujera ta huɗu.
Faranti, wuƙa, da kofin ruwa zalla,
don mai ita bai taɓa shan giya ba.
Sambel Djalo.
A can aka haife shi, a can aka sa masa kakinsu.
Shi ya goya Telmo daren da gurneti ya ci ƙafarsa,
taɓo har ƙugu, sauro kamar hayaƙi,
daga faɗuwar wata zuwa carar zakara.
Ranar da jirage suka juyo gida
aka ce 'yan ƙasa su ɗan dakata.
Dakatawar nan, ba wanda ya san inda kabarinta yake.

Duk shekara nakan zubar da ruwan a gindin fure.

Bana ana cikin miya ƙofa ta buɗe.
Saurayi ne dogo, fenti a faratansa,
da tikitin motar Lisbon a hannu
da wata wasiƙa da ta sha ninki.
Rubutun Custodio ne. Ashe shekara tara yana cigiya.

Yaron bai zauna ba. Ya ce:
A gidanmu ba a ɗaga murya da sunan kakana.
Wasu sun ce namiji ne, wasu sun ce ya ci amana.
Ku da kuka san shi, wanne ne?

Har tafasar tukunya na ji daga kicin.

Abilio ya shafi guntun kunnensa, ya ce:
Ɗana, mu kanmu ba a gama yi mana hisabi ba.
Akwai ƙauyukan da ba zan so su yafe mini da wuri ba.
Ban san sunan da tarihi zai ba kakanka ba.
Na dai san kayan da ya ɗauka:
kilo saba'in ne, ga shi nan zaune,
yana da jikoki shida.

Telmo ya kau da kai wajen teku.
Teku ba ta ce komai ba, ta saba.

Sai Custodio ya miƙe,
ya ja yaron zuwa kujerarsa ta jikin bango,
shi kuma ya zagaya
ya zauna, ƙeyarsa na kallon ƙofa.
Na ga wuyansa na rawa. Bai juya ba.

Na kawo gasasshen kifi da dankali.
Yaron ya ce bismillah, ya ɗaga kofin,
ya shanye tas.

Da dare, ina wanke-wanke,
na daɗe riƙe da kofin nan.
Furena zai kwana da ƙishi bana.