Ɗaurin Ciyawa

Ni ke rataye zane-zane
a wani gida mai hawa biyu a Tbilisi,
bana shekara ashirin da uku.
Guduma, igiya, ƙusoshi a aljihu,
da ma'aunin nan mai ƙwayar ruwa a tsakiya.
Ban taɓa zana ko kaza ba,
amma na san nauyin kowannensu
yadda uwa ta san nauyin goyonta.

Daren Alhamis mukan jera kujeru tamanin.
Wata budurwa ta zo da ƙaton goge,
ta kafa shi a ƙasa, ta rungume shi da gwiwoyi.
In ta ja, gilasai su ɗau rawar ɗari.
Jama'a su lumshe ido.
Ni nawa a buɗe, can bayan ɗaki,
ina gadin zanen mai ɗaurin ciyawa,
don kiɗa kan karkatar da shi hagu,
faɗin farce kawai.
Ba mai lura.
Da safe in zo in miƙe shi.

Nutsa ce mai waya,
ita ke tallar mu ga mutanen da ba mu taɓa gani ba.
"Kawu Elguja, matsa, inuwarka ta shiga!"
Ta ɗauka, ta goge, ta sake ɗauka,
ta zauna ƙirgar jajayen zukata
kamar mai ƙirgar ciniki bayan kasuwa ta watse.
Jiya ɗari biyar, yau ɗari uku. Ta ja tsaki.
Na ce, "Zane ai ba ya gudu."
Ta ce, "Mutane ke gudu."

Da ganyen inabi ya soma ja
aka ce zane-zanen za su fita yawo.
Sha tara muka naɗe, muka rufe a akwatunan katako,
muka bar bango da ƙusoshi tsirara.
Kutaisi kwana tara. Zugdidi ruwa ya hana mutane fita.
Sai hanyar dutse zuwa Mestia,
Murtaz na tuƙi yana cin gurjiya,
kowane rami a hantata yake faɗawa.

Zauren makaranta suka ba mu,
mai warin alli da jiƙaƙƙen ulu.
Yara suka shigo a layi, suka fita a guje.
Can da la'asar wani tsoho, Besarion,
da 'yar hularsa ruwan toka,
ya tsaya gaban mai ɗaurin ciyawa.
Ya daɗe.
Na ce a raina, yau zane ya kama mutum.
Sai ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Wanda ya yi wannan bai taɓa riƙe lauje ba!
Da haka muke ɗauri
da shanunmu ba su ga ƙarshen sanyi ba."

Ya miƙo hannu, na ba shi igiyata.
Yatsu kamar saiwar goro,
juyi biyu, ja ɗaya,
ƙulli ya zauna daram.
Ban ga lokacin da Nutsa ta ɗaga waya ba.

Kafin gari ya waye, dubu casa'in.
Har daga ƙasashen da ba a kiwon shanu
ana gardama a kan ƙulli.
Shugabar gidanmu ta bugo, muryarta na rawa,
ban gane ba, murna ce ko fushi.
Shi kuwa Besarion da aka nuna masa
cewa ya yi hular ta fito a karkace.

Mun dawo gida kafin ƙanƙara ta toshe hanya.
Kowane zane ya koma ƙusarsa.
Yanzu masu zuwa kan tambaya a ƙofa,
"Ina wanda aka yi kuskuren?"
Su tsaya gabansa fiye da yadda suka taɓa tsayawa.

Igiyar tana aljihuna, ban kwance ba.
Na gwada da wata, sau goma sha ɗaya,
nawa zamewa yake.

Jiya Alhamis budurwar ta ja gogenta,
zanen ya karkata kamar kullum.
Yau na zo da ma'aunina, na tsaya gabansa,
na dubi ɗaurin da ba zai riƙe ciyawa ba,
na tafi na dafa shayi.