Kazar Tabawa

Ran Lahadi na shiga Mai'aduwa da kuɗin tunkiya,
na fito da leda biyu, ko tafin hannu ba su cika ba.
Irin dawa ne, ja wur, kamar an yi masa lalle.
Ɗan'azumi mai shago ya ce gara ba ta kusantarsa,
kurciya in ta tona sai ta tofar,
burtuntuna kuwa sai dai in ji labarinta a gonar maƙwabci.

Na tarar da Baba Nomau gindin darbejiya
yana gyaran ƙotar sungumi.
Ya murza ƙwaya guda, ya shinshina, ya goge yatsa a ƙasa.
Ya ce, mu toka muka sani.
Zangarniyar da ta fi cika mu rataye ta inda hayaƙi ke bi.
Ban taɓa sayen abin da zan binne ba.
Na ce, Baba, ƙasar da ka noma ba ita ka bar mini ba,
wannan sai an ba ta kafin ta bayar,
ga buhun taki bana ya fi jakin da zai ɗauko shi tsada.

Ran Talata malamin gona ya zo a babur.
Ya ce a sa safar hannu,
kada a cuɗa iri a ƙwaryar da ake dama fura,
a duba hatimin hukuma a jikin leda.
Barau ya ce, malam, hatimin yana tsira?
Aka yi dariya, shi ma ya yi.
Jatau bai yi ba.
Ya ce mai arahar da muke iya saye shi kuka hana,
kuka bar mana wanda sai an sayar da akuya.
Talle ya ce a'a, a faɗi gaskiya,
amya tara gare ni a kan kukar bakin rafi,
shekarar da kowa ya yi feshin mai arahar
uku suka rage da zuma a ciki.
Jatau ya ce, to ka ciyar da gidana da zuma.
Har aka kira la'asar ba a rabu ba.

Daren Alhamis hadari ya haɗo daga gabas.
Da asuba ina kwance leda, ta yage,
jan iri ya watsu a tsakar gida,
kafin in ce kai, kazar Tabawa ta cika maƙoshi.
Tabawa ta ɗora hannu a ka.
Kazar nan ce kuɗin sabulu, ita ce kuɗin littafin Lantana.
Muka zauna muna jiran ta mutu.

Hantsi ya yi, tana tono.
Azahar ta yi, tana wankan ƙasa.
Da yamma ta shiga akurki ta yi ƙwai, ta fito tana shela.

Baba ya ɗebi irin ya zuba a kasko, ya tsiyaya ruwa.
Jan ya saki, ya bi ruwan, ya bar dawar kasuwa tsirara.
Galura ce.
Tabawa tana hamdala, ni ina lissafin tunkiya.
Duk ƙasar Daura ban ga jami'in da ya binciki ledar nan ba
sai kaza, ita ma ba da albashi ba.

Ɗan'azumi ya rantse shi ma haka aka kawo masa,
ya nuna mini kwali, da hatimi, da lambar wayar da ba ta shiga.

Da na dawo, Baba ya hau turmi,
ya sauko da zangarniya huɗu, baƙi ƙirin da hayaƙi.
Bai ce ai na faɗa maka ba.
Ya ce, laima ba ta jira, ɗauko toka.

Na shuka, na take da diddige.
Kwana uku ke nan, jan bai fita daga farcena ba.